Likkafani a Jirgin Duktur

Zan fara da neman afuwa, domin shekaru sun ɗan ja tun da abin nan ya faru, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin sai wani abu ya canza wuri. Wani lokaci ina ganin ranar Alhamis ce, wani lokaci Asabar. Mahaifiyata ta ce lokacin sanyi ne, ni kuwa gumin da ya jiƙa mini baya nake tunawa. Abin da na tabbatar shi ne kafin yaƙin Sudan ne, kuma muna zaune a unguwar Mahjar a Jidda, ba mu koma unguwar Safa ba tukuna.

Ban daɗe da gama jami'a ba a lokacin. Ina aiki a ofishin wani likitan haƙori wanda shi ne kafilina, iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, da sunansa take. Duktur muke ce masa. Aikina takardu ne da amsa waya. Shi da wani abokinsa mai sayar da tayoyi sun haɗa hannu sun sayi ƙaramin jirgin sama, mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci, suna tashi da shi a ƙarshen mako su bi gaɓar teku su dawo. Duktur ya taɓa yi mini bayani cewa tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai wanda matuƙi ke shiga cikin girgije yana bin na'urori kawai, akwai kuma wanda dole idonsa ya riƙa ganin ƙasa ko ruwa, ya nisanci girgije, ya sauka da sauran hasken rana. Lasisinsa na iri na biyu ne. Na ce masa na gane, kuma ina jin na gane ɗin, irin ganewar wanda ke zaune a kan kujerar ofis.

Da suka yi niyyar haye Bahar Maliya zuwa Bur Sudan, ni aka ɗora wa neman izini. Ƙetare iyaka ba kamar yawon gaɓa ba ne. Sai ƙasar da za a je ta ba da izini na rana takamaimai, sai an sanar da masu kula da sararin sama hanyar da za a bi da lokacin isa, sai an fita ta inda akwai jawazat, wato ofishin shige da fice, da kwastan, a can ma a sauka inda suke. Na yi makonni ina waya. Larabcin Sudan da na tsotsa a wurin Umma, wadda a Bur Sudan aka haife ta, shi ya taimake ni, don da zarar sun ji harshena sai murya ta yi laushi. Ranar da izini ya fito, Duktur ya ce akwai kujera a baya, in ina so. Ya fitar mini da takardar fita da dawowa, ta tafiya ɗaya.

Umma kaɗai na gaya wa, na kuma roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ta ce ita da wa take magana? Washegari da na dawo daga aiki na tarar da jarka biyu ta Zamzam a bakin ƙofa.

Wanda bai zauna a cikinmu ba zai yi wuya ya fahimci nauyin saƙo. A unguwarmu mutane da yawa ba su da takardun da za su fita su dawo, don haka duk wanda zai yi tafiya ƙafar kowa ne. Ba a tambayarka ko za ka iya, kawo maka ake yi a sa maka albarka. Kuma duk sanin da suka yi wa jirgi, awon kaya maganar kamfani ce: in ka wuce kima ka biya ko ka yi magiya. Jirgin da mai shi ke tuƙa abinsa kuwa, wa zai tsaya awo? Haka wata maƙwabciyarmu ta ce mini tana ajiye katan ɗin dabino.

"Hajiya, ƙaramin jirgi ne fa," na ce. "Ban san ko zai ɗauka ba."

"Ƙarami? Ya fi motar mijin yayarka ƙanƙanta?"

"Kusan haka ne, ta ciki."

"To ai shi ke nan. Wannan motar har firji ta ɗauko mini daga kasuwar Bab Makka."

Na ce to, za mu gani. Wannan ita ce amsar da na ba kowa, kuma na san yadda suke jin ta. Kafin mako ya ƙare falonmu ya cika: yadudduka, turaren wuta, dardumar salla, tukunyar lantarki, takalman yara, har da wata jaka da aka ɗinke bakinta da zare aka rubuta sunan unguwa a jiki. Kullum ina cewa gobe zan yi musu bayani.

Goggo ce ta zo ƙarshe. Ba ƙanwar mahaifina ba ce ta jini, amma ita ta goya ni lokacin da Umma ke aikin gidaje, kuma ban taɓa kiranta da wani suna ba. Ta shigo ƙasar nan daga Sudan da umara tun kafin a haife ni, ba ta koma ba. Gyaɗa da zoɓo take sayarwa a wani lungu na Bab Makka. Ƙunshinta ƙarami ne, a cikin baƙar leda, an ɗaure da tsohon kallabi. Ta sa na rufe ƙofa kafin ta yi magana.

"Likkafani ne," ta ce. "Na yayana. Likitocin can sun sallame shi, sun ce a koma gida a yi ta addu'a."

Ita da kanta ta je Makka da shi, duk da shingayen da ke hanya da halin rashin takardu da take ciki, ta tsoma shi a Zamzam, ta dawo ta shanya a saman bene. Rabonta da yayan nan tun tana da ƙuruciya. Ta ce ba za ta ga fuskarsa ba, ba za ta zauna makokinsa ba, amma tana so abin da zai taɓa jikinsa na ƙarshe ya fito daga hannunta.

"Ka miƙa masa hannu da hannu, ɗan nan. Na gaya wa ɗansa, zai jira ka a filin jirgi."

Ita kam ban ce mata za mu gani ba. Na ce in sha Allahu, Goggo, kuma da gaske nake.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, mijin yayata ya zo da a-kori-kurarsa. Mata sun fito bakin ƙofofi suna ta addu'a, wata har da guɗa ƙasa-ƙasa. Shi kuwa tun daga Mahjar har filin jirgi yana kirana kaftin. "Kaftin, in kun wuce ta saman gidanmu ka leƙo ka gaya mini ko tankin ruwa na yoyo."

A ɓangaren ƙananan jirage muka sami Duktur da mai tayoyi, kowanne da 'yar jaka a kafaɗa kamar masu zuwa wasan ƙwallo. Mai tayoyi ya dubi bayan motar, ya dube ni.

"Ya akhi, hijira za ka yi?"

Duktur bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko sikeli irin na banɗaki ya ajiye a ƙasa, ya ce in hau. Ni aka fara aunawa, a gaban mijin yayata. Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar yana gaya wa mara lafiya za a cire masa haƙori. Ba shi da tabbacin samun irin man jirginsa a can, don haka ya cika tanki da na zuwa da na dawowa. Akwai kwale-kwalen roba da ake hurawa in an faɗa ruwa, akwai rigunan ceto, akwai mu uku. Abin da ya rage mini bai wuce nauyin jakar ɗan makaranta ba. Ya ce wannan ba maganar alfarma ba ce, jirgin ne ba zai tashi daidai ba.

"Ai na gaya maka tun a ofis," ya ce.

Ya gaya mini. Ni na buga takardar lissafin nauyin ma da hannuna.

Na ajiye jakar kayana, na ɗauki ƙunshin Goggo kawai. Mijin yayata ya juya da sauran kayan, wannan karon bai ce kaftin ba. A wurin kwastan jami'in ya kwance kallabin, ya ga farin yadi a ninke, ya gane ko mene ne. Ya yi addu'ar kyakkyawan ƙarshe, ya mayar da ɗaurin da kansa. Mai tayoyi yana tsaye a bayana.

"Likkafani? A jirgi mai inji ɗaya? A kan teku?" Ya juya wurin Duktur. "Kai ka san da wannan?"

Duktur ya ce yadi ne, kuma kowa da ranarsa. Ya ce yalla, mu tafi, rana na yi. Mai tayoyi ya ce shi ba camfi yake ba, amma akwai abin da hankali ba ya so. Na ce na wani dattijo ne mara lafiya. Ban tabbata sun ji ni ba, don ina jin a ciki na faɗa.

Aka buga mana hatimin fita, muka sa rigunan ceto, na zauna a baya da ƙunshin a cinyata. Tashin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na ga Jidda ta kwanta fara a bakin ruwa, na ga jiragen ruwa a jere suna jiran shiga tasha, na ga inda ruwan ke kore a kan duwatsun murjani kafin ya koma shuɗi mai duhu. Na nemi Mahjar ban gane ta ba. Ta abin kunne ina jin Duktur yana gaya wa masu kula da sama inda muke, wata murya tana amsawa. Har na fara shirya gaisuwar da zan yi wa dattijon.

Ban san daidai inda muka kai ba. Ina jin mun kusa rabi, mai yiwuwa ba mu kai ba. Da farko shuɗin ruwan ne ya fara dusashewa. Sai layin da ya raba sama da teku ya yi laushi, kamar an goge shi da yatsa. Duktur ya sauko ƙasa kaɗan, abin bai gyaru ba. A gabanmu komai ya zama fari-fari, ba girgije sosai ba, wani irin tururi ne da ba ka san inda ya fara ba. Na duba ta taga na kasa cewa ga sama ga ruwa. Sai Duktur ya ce, "Halas. Mun koma."

Mai tayoyi ya ce a ɗan ƙara gaba, watakila bayan wannan a buɗe yake. Duktur ya ce watakila, amma shi ba ya tuƙi da watakila, idonsa ba ya ganin abin da doka ta ce ya gani. Ya sanar ta rediyo, ya karkata jirgin. Na riƙe ƙunshin da hannu biyu. A yau na san daidai ya yi, kuma da ya ci gaba mai yiwuwa ba ni ke rubuta wannan ba. A lokacin kuwa abin da ke raina shi ne mutumin da ke tsaye a filin jirgin Bur Sudan yana kallon sama.

Da muka sauka sai da muka sake bi ta jawazat, domin a takarda mun bar ƙasar. Jami'in ya tambaye ni daga ina. Na ce daga nan. Ya duba hatimin safe, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, suka yi 'yar dariya, ya buga na shiga. Da wannan bugun takardar fitata ta ƙare, tunda ta tafiya ɗaya ce. A bakin ƙofa mai tayoyi ya dafa kafaɗata ya ce, cikin wasa, ko kuma rabin wasa, "Yadin nan naka bai so hayewa ba. Wani karon a bar shi a gida."

Na isa Mahjar ana kiran azahar. Maƙwabciyar nan mai dabino ce ta fara ganina.

"Lale, lale! Har ka dawo? Kai, jirgi ba wasa ba. Yaya ka baro su? Sun ga dabinon?"

Dabinon yana falonmu, a inda mijin yayata ya sauke shi. Ranar nan da washegarinta na yi su ina bin gidaje da kaya a kafaɗa, ina maimaita bayani ɗaya. Wasu sun ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Wata ta ce da ta sani da ta ba direban da ya tafi Sawakin, kusa da Bur Sudan, ta ruwa. Wani dattijo ya tambaye ni, ba da mugunta ba, wai shin jirgin ne ke tsoron hazo ko matuƙin. Sunan kaftin kuwa ya bi ni har muka bar unguwar.

Goggo na same ta a lungunta na Bab Makka, tana ƙulla gyaɗa a leda. Ɗan yayan nata ya riga ya kira ta, ya ce ya tsaya har la'asar. Na durƙusa na yi mata bayanin ido da girgije da doka. Ta saurara har na gama.

"Za su sake tafiya?"

Na ce ina jin za su sake, in an sami sabon izini.

"To riƙe shi a wurinka. Ko ba ka je ba, ka ba Duktur ɗin. Ai yadi ne, ba nauyi." Ta tura mini ƙullin gyaɗa a aljihu. "Ka ci abinci kuwa? Dubi fuskarka."

Ni na sake neman izinin, ya kuma fito da sauri fiye da na farko. Ba a yi maganar kujerata ba, ni ma ban tayar ba, don sai an sake fitar mini da takarda, kuma na ga kamar na riga na ci rabona. Likkafanin yana cikin jakata, kullum ina zuwa da shi ofis ina komawa da shi. Abin da ake bukata kawai in ce, Duktur, don Allah ka tafi da wannan, wani zai karɓa a can. Na shirya jimlar da Larabci iri-iri. Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in ji muryar mai tayoyi, in tuna sikelin nan a ƙasa da bayan a-kori-kura, in ji ba zan iya sake zama mutumin da ya zo da kaya ba.

Ana gobe za su tafi na shiga wurinsa tsakanin mara lafiya da mara lafiya. Na tambaye shi ko nauyin ya yi daidai wannan karon. Ya ce ya yi, har da sarari, tunda su biyu ne. Na ce madalla. Na ce ko akwai wani abu da yake so in shirya. Ya ce babu. Na tsaya. Ya ɗago kai yana sa safar hannu, ya ce, "Akwai wani abu?" Na ce a'a, Allah ya kiyaye hanya. A raina na ɗauka na yi nuni isasshe, kuma in yana so zai tuna da kansa. Ban sani ba ko ya manta da yadin ne, ko ya tuna ya yi shiru saboda abokinsa. Ban taɓa tambayarsa ba. Sun je sun dawo a yini ɗaya, sama tas, ya kawo mini hoton tashar jiragen ruwan Bur Sudan daga sama.

Na gaya wa Goggo ba a samu an tafi da shi ba. Haka na faɗa, ba a samu ba, ita kuma ba ta tambayi wanda bai samu ba. Ta karɓi ƙunshinta, ta sake ɗaure kallabin da ya ɗan saki. Bayan 'yan kwanaki ta ba wata mata da za ta bi jirgin ruwa zuwa Sawakin. A cikin makon nan ne dattijon ya rasu.

Daga nan labarin ya rabu biyu, kuma wannan ne ya sa na zauna rubutu. Umma ta ce matar ta isa da kwana ɗaya ko biyu kafin rasuwar, har an sa masa yadin a hannu ya shafa, ya tambayi ko ƙanwarsa ta yi ƙiba. Mijin yayata kuwa ya ce shi abin da ya ji, jirgin ruwan ya yi jinkiri, matar ta tarar an dawo daga maƙabarta, aka ajiye yadin wa wani. Umma tana iya faɗin nata don ta kwantar mini da hankali. Shi ma yana iya haɗa wannan da labarin wani mamacin, don ya saba. Na je wa Goggo gaisuwa, na zauna a bakin tabarma tare da maza, ban iya tambaya ba. Bayan shekara biyu ko uku aka kama ta a wani samame aka mayar da ita Sudan, lambar da nake da ita kuma ta daina shiga tun da aka fara yaƙi.

Har yanzu ina aikin takardu, a wani ofishin dabam. In ƙaramin jirgi ya wuce ta saman Safa nakan duba ko sama a buɗe take ta yamma.

Na san akwai waɗanda suka ga wani ɓangare na wannan: matar da ta bi jirgin ruwa, ɗan dattijon da ya tsaya a filin jirgi, matan Mahjar da na mayar wa kayansu, ko wani da ya halarci jana'izar a Bur Sudan. In na yi kuskure a rana ko a lokacin shekara, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, a gyara mini, zan karɓa da godiya. Amma wanda ya san a cikin wane yadi aka binne yayan Goggo, don Allah ya aiko mini ta hannun Umma ko duk wanda ya san gidanmu, ko da amsar ba wadda nake fata ba ce.